Raƙumin da Ya Koma Kura

Duk saurayin da ya leƙo filin bayan shagona a Tambuwal, tambayarsa ta farko ita ce, "Baba, ina Raƙumin da aka faɗi?" In kuma ya tarar ina haɗa ƙarfe, sai ya taɓe baki ya ce ai wannan ko shi zai iya: gwangwanin fenti biyu, siminti, guntun fayif, an gama. To ku matso, ku masu ganin abin wasa ne. Ni mai walda ne. Ƙofofi da tagogi da gadaje su ke ciyar da ni, amma abin da ya sa aka san ni daga nan har Kebbe shi ne ƙarafan ɗaga nauyi. Na fi son su da duk aikin da hannuna ya taɓa, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Aikin farko da maigidana Mamman Dogo ya bari na taɓa, can a Jega, ƙafar amalanken shanu ce da ta tsage. Kafin ya miƙo mini sandar walda sai da ya sa na gurza bakin tsagar ta yi kwarmi, don wuta ta shiga har ciki. Ya ce waldar da ta yi tudu a sama tana sheƙi, sau da yawa cikinta fanko ne. Randar ruwansa kuwa bayan katanga yake ajiye ta, da gangan. Ya san mai koyo da ya gama walda hannunsa ke fara ƙaiƙayin ya watsa mata ruwa, ya ji cuuu, ya miƙa wa mai kaya. Ƙarfen da aka yi wa haka yana yin tauri, amma ran da nauyi ya hau shi sai ya ɓalle ba sallama. Maganar Dogo ɗaya ce kullum: "Bar shi shi huce da kainai." In mai kaya yana sauri, benci yake nuna masa.

Ƙarfen ɗagawa na farko da na haɗa, wani ɗan kokawa ne daga Jabo ya sa ni, Garba sunansa. Ya zo da faifan giya biyu da ya tsinta wajen 'yan gwangwan, ya ce in sa masa su a sanda. Ai nan na gane aikin yana da ido. Faifan biyu kamarsu ɗaya, nauyinsu kuwa ya bambanta. Sai na ɗaure sandar da igiya a tsakiya, na rataye ta a reshen darbejiya, ina kallon gefen da ya rinjaya. Gefen da ya yi sama na riƙa ɗora masa noti ina liƙewa har ta tsaya cak. In ka bar gefe ɗaya ya fi nauyi, ka karkata wa mutum baya, kuma ba zai sani ba sai ya tsufa. Na sa kurfi na yi wa wurin riƙo zane-zane saboda gumi. Garba ya ɗaga shi da hannu guda, ya yi dariya ya ce, "Maigida, wanga ai ɗan akuya na!"

Daga nan sunaye suka samo asali. Mutanenmu ba su lissafi da kilo, amma kowa ya san nauyin dabba. Wanda ya bi bayan Ɗan Akuya ya zama Rago, sai Maraƙi, sai Sa. Kafin ka ce me, fili ya cika. 'Yan dako suna zuwa, 'yan kabu-kabu suna jingine babura suna tuɓe riga, har da malaman makaranta. Ran kasuwa samarin Fulani kan sayar da sa na gaske su zo su gwada nawa na ƙarfe, in ya ƙi tashi su zagaya shi suna duba ko na ɗaure shi da ƙasa. Ina walda ina jin ihunsu a bayana, wallahi har aikin ƙofa ma daɗi yake yi mini.

Raƙumi kuwa, gangunan birkin tirela biyu ne da 'yan gwangwan suka sauke mini a ƙofar shago. Da na gan su sai da zuciyata ta buga don murna. Irin ƙarfen nan ne mai gautsi, wanda in ka kai masa wuta farat ɗaya sai ya tsage. Na hura gawayi na gasa su tukuna, na yi waldar suna da zafi, sannan na binne su cikin toka har suka huce a hankali. Sandar kuma shaf ce, doguwar sandar nan da ke juya tayar babbar mota, ƙarfen da bai san lanƙwasa ba. Da muka tono shi daga toka, ƙarti ne suka taru suka mirgina shi zuwa tsakiyar fili. Ranar muka kafa doka: duk wanda ya ɗaga shi daga ƙasa zuwa cinya, ya miƙe tsaye, zan rubuta sunansa a jikin sandar da wutar walda. Shekara da shekaru suna ɗaya ne a kai, can gefe, na Garba. Shi ma sai da ya bi su daki-daki tun daga Ɗan Akuya, har furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Akwai wata al'ada tamu da ku na yanzu ba ku so. Da ruwa ya zauna, fili ya rufe. In shafe ƙarafan da baƙin mai, in jera su a rumfa, kowa ya nufi gona. Muna ce masa hutun ƙarfe. Da kaka za ka ga mutum ya dawo ya ɗan faɗa, amma ciwon kafaɗa da na gwiwa duk sun tafi, kuma bai daɗewa zai wuce inda ya tsaya.

Sanusi ya fara zuwa ne yana ɗan dako a kasuwar hatsi. Mutumin Fakku ne, ta wajen Kebbe, yana da mata da 'yar ƙaramar yarinya, ga tsohuwarsa a gida. Gonarsu ba ta taka kara ta karya ba, don haka hannuwan nan biyu da yake cilla buhu a kafaɗa da su, su ne abincin gidan gaba ɗaya. Yaro ne mai barkwanci, ga ƙashi mai kyau. Ran da ya fara ɗaga Maraƙi, bai ko goge gumi ba ya nuna tsakiyar fili da baki.

"Baba, ni Raƙumi nika so. Sunana bisa ƙarfen ga, kusa da na Garba."

Na ce, "Kai da Maraƙi ma bai gama saninka ba? Bi a hankali, ɗana. Raƙumi ba shi zuwa ko'ina."

Da ya bi a hankalin, na tabbata da ya kai. Amma shekarar ce allura ta shigo mana, shekarar da ban so ba a duk zamana na sana'a. Wani mai babur ne ya riƙa zuwa daga birni da jaka, ciki da 'yan kwalabe ƙanana. Samari suka sa masa Dakta, ko da yake ban ga alamar ya taɓa wuce ƙofar asibiti ba. Yana nuna musu hotunan ƙarti a waya, yana cewa Turawa sitiroyid suke ce mata, kuma duk wanda suka gani a hoton da ita ya yi. Na kore shi daga filina, ya koma gindin bishiya kusa da tasha. Mutum uku na sani da suka fara saya. Ɗaya jikinsa bai ƙaru da komai ba sai ƙurji a ɗuwawu, wanda sai da aka tsaga a asibiti. Ɗaya nonuwansa suka kumbura har ya daina tuɓe riga, daga baya ya daina zuwa. Kwalaben iri ɗaya ne a ido, kuma har yau ba wanda zai iya gaya maka abin da ke cikinsu. Na ukun Sanusi ne, shi kuwa ta karɓe shi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, da farko ni kaina sai da na saki baki. Cikin rani guda ya wuce Maraƙi ya kama Sa yana wasa da shi. Damtsensa ya yi sulu-sulu, hannun rigarsa ya yage, tela ya ƙara masa ƙyalle. In ya shigo fili sai a dare a ba shi hanya. Na ja shi gefe na tambaye shi, bai ɓoye mini ba.

"Baba, awa taki ta. Ka sa ma gero, shi tashi."

"Taki ma da lokacinai," na ce. "Wa kag gani shina zuba ma gero taki kullum, har cikin rani?"

Ya yi dariya ya ce ni tsohon yayi ne.

Da damina ta faɗi na rufe fili kamar kullum, kowa ya tafi hutu ban da shi. Mai jakar ya gaya masa masu allura iri biyu ne, akwai masu tsayawa su huta, akwai waɗanda ba su tsayawa sam, kuma mai tsayawa shi ke sacewa. Sanusi ya zaɓi na biyun. Da ya dawo da kaka sai da na sake dubansa. Fuska ta kumbura, baya ya cika da ƙuraje, ido ja. Mai barkwancin nan ya zama abu kaɗan ya harzuƙa, har ya shaƙe wani direba a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba. Yana yawan dafe kai, wani lokaci haɓo ya ɓalle masa yana tsakiyar ɗagawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, duk watannin nan na allura ba su ƙara masa wani abin kirki a kan ƙarfe ba, kusan inda ya tsaya da bazara nan na same shi. Abokan dakonsa ma suna tsegumi, wai ga jiki har jiki, amma in an fara lodin mota shi ke fara haki, tsofaffi 'yan sirara su bar shi zaune yana riƙe da ƙugu.

Na ce masa ya tsaya haka nan, ya je a auna jininsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gwada bari, Baba. In nib bari, ko tashi daga tabarma ban iyawa. Komi fita raina shika yi. Bari in ɗauki Raƙumi tukuna, sannan in aje." Maimakon ya rage sai ya ƙara.

Da ya ce a fito masa da Raƙumi, sai da aka yi gardama. Garba ya hau babur tun daga Jabo ya zo ya ce ɗagawar allura ba ɗagawa ba ce. Samari suka ce hassada yake yi. Aka juyo gare ni. Na ce doka ta ce wanda ya ɗaga, ba ta ambaci allura ba, don lokacin da muka kafa ta ba mu san da ita ba. Garba ya ce to shi kenan, a ba shi benci a gaba ya gani da idonsa.

Kai, ranar nan! Ran kasuwa ce, bayan la'asar. Ban taɓa ganin filina ya cika haka ba. Mutane a kan katanga, mutane a kan darbejiya, 'yan Kebbe sun zo a babura uku-uku, wani ya ɗauko mai kalangu ba wanda ya aike shi. Sanusi ya shafa toka a tafin hannu, ya zagaya Raƙumi, ya sunkuya ya kama, hannu ɗaya tafi sama ɗaya tafi ƙasa. Kalangu ya yi shiru. Na ji ƙasa ta saki gangunan nan da wani ɗan sauti da kunnena ya daɗe bai ji ba. Ya kai gwiwa ya tsaya, jijiyoyin wuyansa sun fito raɗa-raɗa, ƙafafu na rawa. Na tsinci kaina ina ihu, "Tashi! Tashi, ɗan Fakku!" Ya miƙe tsaye cak, ya saki, ƙasa ta girgiza. Wallahi hulata ban san inda ta faɗi ba. Garba da kansa ya tashi ya rungume shi. Na ruga na tayar da janareta, na durƙusa na rubuta SANUSI a tsakiyar sandar.

Ban gama ɗaga baƙin gilashi daga idona ba sai na ji wani yana cewa, "Wayyo, ban ɗauka ba! Wayar ta mutu! A sake, don Allah a sake!" Abokin Sanusi ne da aka ba aikin ɗaukar bidiyo. Nan take wayoyi suka fito ta ko'ina, fili ya ɗauka, a sake, a sake. Na ce ba za a sake ba, ƙarfen da zafi, mutumin ma ya ba da duk abin da ke jikinsa, a bar su su huce. Ina cikin magana wani ya ɗauko butar alwala ya tuttula wa sandar. Cuuu. Na daka masa tsawa, amma kalangu ya riga ya tashi, Sanusi kuma ya riga ya sunkuya.

Ƙarfen bai ɓalle ba. Sanusi ya kai shi kusa da gwiwa, sai muka ji ɗas, kamar igiyar guga ta tsinke a rijiya. Raƙumi ya faɗi. Sanusi bai yi ihu ba, ya tsaya yana kallon hannunsa na dama. Damtsen nan da tela ya ƙara wa ƙyalle ya tattare ya haye sama kusa da kafaɗa, wajen gwiwar hannu kuma ya zama rami. Wannan karon duk wayoyin sun ɗauka.

Na ce a wuce da shi asibiti, ya ce targaɗe ne, kunya ta sa ya hau babur ya koma Fakku. Can aka yi ta shafa man zafi. Da aka kai shi wajen maɗori, mutumin kirki ne, ya taɓa ya ce ba ƙashi ba ne, ba aikinsa ba ne, su nemi likita. Kafin su yanke shawara makonni sun shige. Ni na raka shi babban asibiti a Sakkwato. Likitan ya duba hannun ya ce, "Baba, allurar nan tana gina tsoka da sauri, amma jijiyar da ta ɗaure tsokar da ƙashi ba ta iya bin wannan saurin. Ita ce ta tsinke. Da kun zo da wuri da an jawo ta an ɗinke. Yanzu ta riga ta janye ta ƙanƙance." Ya auna jininsa, ya sake aunawa, ya ce ya hau irin hawan da bai kamata a gani ga mai shekarunsa ba, kuma sai an duba hanta da ƙoda. Ya ce dole ya bar allurar, amma ya riƙa zuwa ana lura da shi, don barin ma yana da tasa wahalar. Daga nan ya fara yi masa wasu tambayoyi na cikin gida, sai na fita na ba su wuri.

Jikin da aka tara a shekara bai yi rabin haka ba ya zube. Rigunan suka koma suna yi masa lilo. Mai jakar ya canza tasha. Da Sanusi ya ji dama-dama ya koma kasuwa, ya kama kunnen buhun gero zai cilla kafaɗa kamar yadda ya saba tun yana saurayi, hannun ya ce bai san zancen ba. Yana iya cin tuwo da shi, yana iya riƙe linzamin babur, amma fizgar nan da dako ke buƙata ta tafi. Masu hatsi ba su jira, suka kira na kusa.

Wata safiya ina yankan ƙarfen taga sai ga shi a ƙofar shago. Bai ko kalli wajen fili ba. Bayan mun gaisa ya ce, "Baba, kurar ɗaukar kaya nika so ka haɗa min. Turawa dai ina iyawa, da ƙirji akan tura." Na ce wannan ai magana ce. Nan da nan na ji jinin aiki ya motsa mini. Na zana ta a ƙasa da guntun rodi: faɗin da zai ci buhunan hatsi a kwance, tayoyin Keke Napep masu jure rami, mariƙi daidai ƙirjinsa don kada nauyi ya sauka a gwiwar hannu. Abu ɗaya ya rage, sandar da tayoyin za su hau. Na birkice tarin ƙarafana kaf. Duk fayif ɗin da na ɗaga na san lodi biyu zai yi ya lanƙwashe a hanyoyinmu. Ƙarfe ɗaya ne a gidan da zai iya, yana kwance a tsakiyar fili, kuma na lura tun ranar nan wasu samarin na zagaya shi suna tambayar ina mai jaka ya koma.

Da na jawo injin yanka zuwa fili, samari suka yi caa. Na ce duk wanda ƙarfen yake nasa ya hana ni. Na ji zafi, ƙarya ne in ce ban ji ba, don ban taɓa haɗa abin da na so kamarsa ba. Na fara buga masa guduma in ji ko ruwan butar nan ya yi masa illa, ya amsa tas. Na cire gangunan. Ɗaya tana wajen mai shayin tasha ta zama murhu, ɗayar ita ce ke riƙe da turken rumfar da kuke zaune a ƙarƙashinta. Guntun da ke da sunan Garba na aika masa Jabo, na ji ya kafa shi yana ɗaure rago. Tsakiyar kuwa na kai aka sassaƙe bakinta biyu, boris ɗin da tayoyi ke juyawa a kai ya zauna daram.

Ran da ya zo ɗauka, kurar tana kife ina ƙarasa ɗaure tayoyi, sunan nan yana kallon sama ɓaro-ɓaro. Na ɗauko injin gurza na ce, "In goge shi? Minti nawa ne."

Ya tsuguna ya bi haruffan da yatsa. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Bar shi, Baba. Ni rana guda niɗ ɗauke shi. Shi kau kullum za shi ɗaukar gidana."

Muka kama muka juya ta, sunan ya koma yana kallon ƙasa. Ya sa ƙirji a mariƙi, ya tura ta ya hau titi, ya nufi kasuwar hatsi.